FASHIN BAƘI: Simintin da ke tsukewa a ƙasan rijiyar mai, da dalilin da ya sa ya kamata a sa masa ido a Kolmani

Tun ranar 22 ga Nuwamba, 2022, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, muhawarar da ake yi a Arewa ba ta wuce tambayoyi biyu zuwa uku ba. Shin da gaske akwai ganga fiye da biliyan ɗaya da aka ambata a wurin bikin? Wace jiha ce za ta ci gajiyar kashi 13 cikin 100 da ake ware wa jihohi masu arzikin mai? Yaushe za a ga gangar farko? Duka tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wata da ba a jin ta a dandalin siyasa, alhali ita ce ta fi kusa da rayuwar manomin Alkaleri ko na Akko: mene ne ke hana iskar gas da ruwan gishirin da ke can ƙarƙashin ƙasa hawowa ta gefen bututu su gauraya da ruwan da mutane ke sha?

Amsar ita ce siminti. Wani siririn zobe ne na siminti, wanda kaurinsa a wurare da yawa bai fi yatsu biyu ba, da ake ɗurawa tsakanin bututun ƙarfe da bangon ramin da aka haƙa. Ba wanda ke sake ganinsa da ido bayan an ɗura shi. Kuma yana da wata ɗabi'a da injiniyoyi suka shafe shekaru masu yawa suna fama da ita: yayin da yake daskarewa, tsukewa yake yi.

Aikin da aka ɗora wa siminti

Rijiyar mai ba rami ɗaya ba ce miƙaƙƙe mai faɗi iri ɗaya. Ana fara haƙa rami mai faɗi, a zura bututun ƙarfe, a ɗaure shi da siminti, sannan a ci gaba da haƙa rami mafi ƙanƙanta ta cikinsa, a sake zura wani bututun. Haka ake yi hawa-hawa har a kai ga dutsen da ke riƙe da mai. Bututun farko-farko, wanda ake kai shi ƙasa da matakin ruwan sha, shi ne garkuwar rijiyoyin jama'a da burtsatsensu.

Yadda ake ɗura simintin ma abin lura ne. Ba daga sama ake zuba shi a gefen bututu ba, kamar yadda birkila ke zuba kankare a ramin ginshiƙi. Ana dama shi ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, a tura shi da famfo ta cikin bututun har ƙasa, ya fita ta bakin bututun, ya juyo sama ta ratar da ke tsakanin ƙarfe da dutse, yana ture taɓon haƙa a gabansa. Tushen wannan dabara ya koma farkon ƙarni na 20 a filayen mai na Amurka, kuma a kanta ne Erle Halliburton ya kafa kamfaninsa a 1919.

Simintin kansa ɗan'uwan na buhun kasuwa ne, amma an tace shi bisa ƙa'idar Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wato API, wadda ta kasa shi aji-aji. Ajin G da ajin H su ne aka fi amfani da su a duniya. Ajin G ana dama shi da ruwa mai nauyin kashi 44 cikin 100 na nauyin simintin, ya ba da kunun da nauyinsa ya kusan ninka na ruwa sau biyu. Idan zafin rijiya zai wuce digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, ana ƙara masa garin silika kimanin kashi 35 cikin 100, domin in ba haka ba ƙarfinsa raguwa yake yi da tafiyar lokaci.

Ana son wannan zobe ya riƙe nauyin bututu, ya kuma kare shi daga tsatsa. Amma babban aikinsa shi ne raba tsakani: kada abin da ke cikin wani hawan dutse ya tsallaka zuwa wani. Domin ya yi haka, dole ya manne da ƙarfe ta ciki, ya manne da dutse ta waje, ba tare da kafa ba, na tsawon kilomitoci, kuma na tsawon shekarun da suka wuce rayuwar kamfanin da ya haƙa rijiyar.

Inda lita uku ke ɓacewa

Mutane da yawa na ɗauka siminti bushewa yake yi. A gaskiya haɗuwa yake yi da ruwa, su zama wani sabon abu, shi ya sa yake iya daskarewa ko a ƙarƙashin teku. Magina sun san rabin wannan magana a aikace, tunda kowane mai buga bulo ya san in bai yi masa ban ruwa safe da yamma ba, bulon zai fito da rauni.

Sauran rabin shi ne wanda masanin kimiyyar Faransa Henri Le Chatelier ya bayyana a wajajen 1900. Idan siminti da ruwa suka haɗu, abin da suka haifa bai kai girman su biyun a haɗe ba, domin ƙwayoyin ruwa na matsuwa sosai idan suka shiga cikin sabon ginin fiye da yadda suke a sake. Kowane giram 100 na siminti da ya gama haɗuwa da ruwa yana jawo asarar kimanin mililita 6. A lissafin buhu, kilo 50 na ajin G na ba da kunu kusan lita 38, kuma idan haɗuwar ta kammala, kusan lita uku daga ciki sun ɓace. Babu ingancin masana'anta da ke hana wannan. Ɗabi'ar sinadarin ce.

Tambayar da ta dami injiniya ita ce: ina wannan giɓi yake bayyana? Muddin kunun na ruwa-ruwa, saman sa ne kawai ke ɗan sauka. Da zarar ƙwayoyin sun fara kama juna sun yi ƙashi, jikin ba ya iya sauka yadda yake so, sai mafi yawan giɓin ya koma ƙananan ƙofofi a cikin simintin, waɗanda ido ba ya gani. Wani ɗan kaso kuma ya fito fili, jikin gaba ɗayansa ya tsuke, ya janye daga bango. Wannan ɗan kason shi ne abin tsoro.

Girmansa ya dogara sosai da ko simintin na samun ruwa daga waje. Idan yana jingine da dutsen yashi mai ɗauke da ruwa, yana tsotsar ruwan ya cike ƙofofinsa, kamar bulon da ake yi wa ban ruwa, tsukewar waje ta zama kaɗan ƙwarai. Idan kuwa yana tsakanin bututu da bututu, ko yana jingine da dutsen yumɓu marar ƙofofi, babu inda zai sha ruwa. A nan ne ya fi tsukewa. Abin takaicin shi ne, irin wannan dutse marar ƙofofi shi ne murfin da ya danne mai da gas a ƙarƙashin ƙasa tun fil'azal, wato daidai wurin da aka fi bukatar siminti ya toshe shi ne wurin da ya fi saurin janyewa.

Ga misali da lissafi. Wani haɗi da aka saba da shi a rijiyoyi shi ne bututu mai faɗin inci 9 da biyar bisa takwas a cikin rami mai inci 12 da kwata. Kaurin zoben siminti a nan milimita 33 ne. Idan kaurin ya ragu da kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100 kacal, an samu kafa mai faɗin milimita 0.1, kusan kaurin silin gashi. Taɓo ba zai wuce ta nan ba, amma gas zai wuce. Kuma yawan abin da ke bi ta siririyar tsaga ba ya ƙaruwa daidai da faɗinta: idan faɗin ya ninka sau biyu, abin da ke wucewa ninkawa yake yi sau takwas.

Abin da matsi ke canzawa

A doron ƙasa, tsukewar siminti tsaga ce a jikin shafe, a kira mai gyara. A zurfin mita 3,000 lamarin daban ne. Nauyin kunun da ke tsaye a saman wannan wuri na danna shi da matsin da ya haura 8,000 a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar 30 zuwa 35. Wannan nauyi ne ke danne gas ɗin da ke cikin dutse, ya hana shi kutsowa. Muddin kunun ruwa ne, nauyinsa duka na isa ƙasa.

Sai dai kunun ba ya tsallakawa daga ruwa zuwa dutse lokaci guda. Akwai 'yan sa'o'i da yake yin kauri kamar tuwon da aka fara tuƙawa. A wannan lokaci yana kama bango, bangon ya ɗauke masa wani ɓangare na nauyinsa, nauyin ya daina isa ƙasa. A daidai lokacin kuma tsukewar ke tsananta. Da yake ruwa abu ne da ba ya matsuwa, ƙaramar asarar girma a cikin rufaffen wuri na jawo babbar faɗuwar matsi. Da zarar matsin cikin simintin ya faɗi ƙasa da na gas ɗin da ke maƙwabtaka da shi, gas ya kutso, ya haƙa wa kansa hanya a jikin simintin da bai gama ƙarfi ba. Hanyar ba ta rufewa bayan an daskare.

Ko simintin da ya tsallake wannan siraɗi bai tsira ba. Ƙarfe na buɗewa da matsi da zafi, ya koma idan sun sauka. Siminti kuwa ba shi da wannan sassauci. Idan aka gwada bututu da matsi mai yawa bayan siminti ya daskare, bututun na buɗewa ya danna simintin, in an saki matsin ƙarfen ya koma girmansa, simintin bai biyo shi ba. Haka ma idan aka cire taɓo mai nauyi daga cikin bututu aka maye gurbinsa da ruwa mai sauƙi. Haka ma duk lokacin da aka buɗe rijiya mai zafi ya hau, aka rufe ta ta huce, shekara da shekaru.

Alamar wannan cuta a saman rijiya sananniya ce: agogon matsi da ke kan ratar bututu ya nuna lamba, a buɗe a saki gas, a rufe, bayan ɗan lokaci lambar ta dawo. Alƙaluman hukumar da ke kula da ma'adinan teku ta Amurka, waɗanda aka wallafa a 2003, sun nuna cewa kimanin kashi 43 cikin 100 na rijiyoyi kusan 15,500 da ke Mashigin Tekun Meziko na da irin wannan matsi mai dawowa a aƙalla rata guda, kuma yawansa na ƙaruwa da tsufan rijiya. Ba duka ne laifin tsukewar siminti ba, wasu yoyon bututu ne. Amma wannan adadi ne na ƙasar da ke tilasta wa kamfanoni su kai rahoto.

Mahaɗan da ke sa siminti kumbura

Maganin da masana'antar ta samo shi ne a zuba wa siminti wani mahaɗi da zai sa shi ɗan kumbura bayan ya daskare, ya matse ƙarfe da dutse. A faɗe abu ne mai sauƙi.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne jifsam, dangin hodar POP da ake yin silin da ita. Idan ya haɗu da sinadarin alminiyam da ke cikin siminti, suna haifar da wasu ƙwayoyi masu siffar allura da ake kira etirinjait, waɗanda ke haɗiye ruwa mai yawa, su tsiro suna ture abin da ke gefensu. Rauninsa zafi ne. Da zarar zafi ya haura kimanin digiri 75, allurorin ba sa ɗorewa, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ana iya kai wa wannan mataki tun a zurfin kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu. Saboda haka amfaninsa ya taƙaita ga saman rijiya.

A rijiyoyi masu zurfi, sinadarai biyu ne ke riƙe da fage: kalsiyam oksaid, wato ƙonannen dutsen farar ƙasa, da magniziyam oksaid. Na farko idan ya sha ruwa girman ƙwayarsa na kusan ninkawa biyu, na biyu kuma yana haura ninki biyu. Wani abin mamaki shi ne, a simintin gini waɗannan sinadarai aibi ne. Ƙa'idoji sun iyakance magniziyam oksaid ga kashi 5 zuwa 6 cikin 100, domin kumburinsa na baya-baya na farfasa kankare bayan an gama gini. Abin da magini ke gudu shi injiniyan rijiya ke saye da kuɗi, yana fatan ya iya sarrafa shi.

Sarrafawar kuwa duk magana ce ta lokaci. Idan mahaɗin ya kumbura tun kunu na ruwa-ruwa, aikin banza ne, domin babu ƙashin da zai tura, ruwan kawai ya matsa masa. Idan ya yi jinkiri har siminti ya yi tauri sosai, kuma kumburin ya yi yawa, fasa shi zai yi daga ciki. Ana neman ya fara aiki a tsakanin nan, lokacin da simintin ya yi ƙashi amma yana da sauran sassauci. Ana saita wannan agogo ne tun a tanderun masana'anta. Magniziyam oksaid da aka ƙona a ƙasa da digiri 1,000 na saurin shan ruwa, wanda aka ƙona a sama da digiri 1,500 kuma yana da nawa ƙwarai, sai rijiya mai tsananin zafi ke tayar da shi. Mahaɗin da ya dace da rijiya mai digiri 60 zai gama kumburinsa tun a hanya idan aka tura shi rijiya mai digiri 150. Wanda aka yi domin digiri 150 kuma zai kwanta a ta digiri 60 makonni bai motsa ba, gas kuwa ba ya jira.

Akwai wata gaskiya da takardun tallar kamfanoni ba su cika tsayawa a kanta ba. Waɗannan mahaɗai ba sa soke asarar da Le Chatelier ya gano. Su ma idan aka haɗa girmansu da na ruwan da suka sha, abin da suka haifa bai kai jimillar ba. Abin da suke yi shi ne, ƙwayoyinsu na tsirowa a matsattsen wuri su bankaɗa ƙashin simintin waje, jiki ya buɗe, ƙofofin ciki su ƙaru. Wato ana sayen mannewa da bango ne da ƙarin ƙofofi a ciki, kuma idan aka zarce gwargwado, ƙarfin simintin da toshewarsa su ke biya.

Matsi ma na da ta cewa. Ƙwayar da ke tsirowa na bin inda ya fi sauƙi ne. Idan dutse da ƙarfe sun matse simintin ta kowace fuska, wani ɓangare na tsiron zai cusa kansa cikin ƙofofin da ke kusa maimakon ya tura jiki waje, kumburin da aka auna a fili ya ragu. Wannan ba lallai ya zama sharri ba, domin simintin na ƙara cika, yana kuma danna bango. Sharrin na zuwa ne idan dutsen da ke waje mai laushi ne. Zoben da ke kumbura faɗaɗa yake son yi, ramin tsakiyarsa ma ya buɗe tare da shi. Idan bangon waje bai tare shi ba, sai zoben ya tafi waje, ya saki bututun da ke ciki. Maganin da aka saya domin toshe kafa ya buɗe sabuwa.

Wata dabarar daban ita ce garin alminiyam, wanda ke fitar da iskar haidirojin a cikin kunu, kamar yis a ƙullun fanke. A doron ƙasa yana aiki sosai, da shi ake yin wani nau'in bulo marar nauyi. A ƙasan rijiya kuwa, iskar da za ta cika lita ɗaya a sama ba za ta wuce 'yan mililita kaɗan ba a wurin da matsi ya ninka na sararin sama sau 500. Abin da ya rage masa na amfani shi ne ya riƙe matsin cikin kunu a waɗancan sa'o'i masu haɗari, kuma yawan da ake bukata na ƙaruwa da zurfi. Wasu kamfanonin na ƙara roba ko zaruruwa domin siminti ya iya lanƙwasa tare da ƙarfe. Kowane mahaɗi kuɗi ne, kuma kowanne na iya taɓa lokacin daskarewa.

A nan ne ya kamata mai bin diddigi ya buɗe ido. Ƙa'idar da masana'antar ta amince da ita wajen auna tsukewa da kumburi, mai lamba API RP 10B-5, ta faɗa a cikin sunanta cewa awo ne a matsin sararin sama. Shahararren gwajinta shi ne a zuba siminti a wani zoben ƙarfe mai tsaga, yawanci a cikin ruwa, a auna yadda tsagar ta buɗe. Ko an dafa samfurin a tukunya mai matsi, sai an fito da shi ake aunawa. Idan kamfani ya rubuta cewa simintinsa na kumbura da kaso kaza, tambayar da ke biyo baya ita ce: a wane zafi, a wane matsi, da ruwa a gefensa ko babu, kuma wane irin bango ne ya tare shi?

Darasin Macondo

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙa na Deepwater Horizon ya yi bindiga a kan rijiyar Macondo ta kamfanin BP a Mashigin Tekun Meziko. Mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara, gwamnatin Amurka ta ƙiyasta kimanin ganga miliyan 4.9.

Adalci ya wajabta a faɗa cewa binciken bai ɗora laifin a kan tsukewar siminti ba. Halliburton ya ɗura siminti ne mai kumfar naitirojin domin rage nauyi, kuma da kwamitin da Shugaba Barack Obama ya kafa ya sa ɗakin gwajin Chevron ya sake haɗa irinsa, kumfar ta ƙi tsayuwa a gwaje-gwaje tara. Abin da ya sa Macondo ya shafi wannan magana shi ne yadda ake yanke shawara game da abin da ba wanda zai gani. An yi amfani da ƙarafuna shida na tsayar da bututu a tsakiyar rami, alhali an ba da shawarar 21. An sallami ma'aikatan Schlumberger da ke jiran auna mannewar siminti da na'urar sauti a safiyar ranar, ba tare da sun yi awon ba, awon da aka ƙiyasta kuɗinsa da kimanin dala 128,000. Masana sun yi saɓani kan ko awon zai gano ainihin inda aka samu matsala. Gwajin ƙarshe na rage matsi kuwa ya nuna alamar haɗari ƙarara, aka yi masa wata fassara. Hayar dandalin kaɗai ta kai kimanin dala rabin miliyan a kowace rana, kuma aikin ya riga ya makara da makonni.

A 2014 Alƙali Carl Barbier ya raba laifin: BP kashi 67, Transocean kashi 30, Halliburton kashi 3. Daga baya BP ya amince da biyan dala biliyan 20.8 ga gwamnatin tarayya da jihohin da abin ya shafa. Duk waɗannan bayanai sun fito ne saboda akwai majalisar da ta tilasta a miƙa wasiƙun cikin gida na kamfanonin, da kotun da ta karanta su.

Rijiyar da aka daina amfani da ita ba ta mutu ba

Tsukewar siminti ba ta cika yin bindiga irin ta Macondo ba. Aikinta a hankali ne: gas ɗin mesen da ke tsiyaya zuwa sama, ruwan gishiri da ke hawa zuwa matakin ruwan sha, burtsatsen da ɗanɗanon ruwansa ya canza ba a san dalili ba. Kuma ta fi muni a ƙarshen rayuwar rijiya, domin toshe rijiyar da aka gama da ita ma da siminti ake yi, sau da yawa a cikin bututun ƙarfe, inda ba shi da ruwan da zai sha. Shi ya sa ƙa'idar Norwe mai lamba NORSOK D-010 ta shardanta cewa abin toshewa na dindindin ya kasance marar tsukewa, kuma a tsara shi da nufin ya dawwama. Amurka kuwa a 2021 sai da ta ware dala biliyan 4.7 daga kuɗin jama'a domin toshe rijiyoyin da masu su suka gudu ko suka karye.

Najeriya na haƙar mai tun gano shi a Oloibiri a 1956. A Nuwamban 2021, wata rijiya da ba ta aiki a Santa Barbara, ƙaramar hukumar Nembe ta Jihar Bayelsa, ta yi fiye da wata guda tana feshin mai da gas ta kanta na sama. An yi jayayya kan musabbabin, kuma ba siminti aka tuhuma ba, amma lamarin ya nuna irin matsin da ke kwance a ƙarƙashin rijiyar da ake ganin an gama da ita. A 2024 da 2025 kuma, Eni da ExxonMobil da Shell sun sayar da kadarorinsu na kan tudu da na gaɓar teku ga Oando da Seplat da Renaissance. Tare da rijiyoyin aka sayar da tsohon simintin da ke cikinsu.

Arewa ma ba baƙuwa ba ce a wannan lissafi. NNPC ya haƙa rijiyoyin bincike 23 a ɓangaren Borno na Tafkin Chadi daga shekarun 1970 zuwa na 1990. Rijiyar Kolmani ta farko, Shell ne ya haƙa ta a 1999, ya sami gas, ya tafi. A 2023 an ƙaddamar da sabbin rijiyoyi a Obi ta Jihar Nasarawa da Wadi ta Jihar Borno. A maƙwabciya Nijar, kamfanin CNPC na Sin na fitar da mai daga Agadem tun 2011, a hamadar da ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne rayuwa. Rijiyar da ba a sami mai a cikinta ba ma rami ce da ta huda hawa-hawan dutse, kuma siminti ne kaɗai ya maye gurbin murfin da aka huda.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kowane mai lasisi ya tanadi tsarin rufe rijiyoyinsa, ya kuma buɗe asusun da zai riƙa zuba kuɗin aikin, a ƙarƙashin kulawar hukumar NUPRC, wadda ta fitar da ƙa'idojin yin hakan a 2023. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai kuɗi a asusu ba ya faɗin ko simintin ya manne.

Abin da ke faɗin haka rubuce yake, domin kowace rijiya na barin tarihi a bayanta. Akwai rahoton ɗakin gwaji da ke nuna mahaɗan da aka zuba da zafin da aka gwada su a kai. Akwai rahoton ɗurawa, mai nuna ko siminti ya dawo har sama a bututun da ke kare ruwan sha, ko kuwa ya ɓace a hanya. Akwai sakamakon awon sauti, in an yi shi, da lissafin agogon matsi na ratar bututu. Ga al'ummar da ke kusa kuma, mafi amfani shi ne gwajin ruwan rijiyoyinsu da aka yi kafin a fara haƙa, domin idan babu shi, duk ranar da ruwa ya gurɓata kamfani zai ce haka ya same shi. NUPRC da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya hukumomin gwamnati ne, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba su kwana bakwai su amsa buƙatar da aka rubuta musu, ko su faɗi sashen dokar da suka dogara da shi wajen ƙin amsawa.